Kafin Ka Shiga Amfi, Isufu

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga autana Isufu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zainabu da jaririnku. Allah ya sauke ku lafiya, ya sa kun shiga garin da ƙafar dama. Na sa takardar cikin jakar littattafanka ne don na san ita za ka fara buɗewa, tun kafin ka nemi inda aka ajiye tabarma.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda da kai aka yi damina a nan Gaya. Wata magana ce na ji ka yi ranar Juma'a a gindin mangwaro, kuna shan rake kai da ɗan baffanka. Ya ce maka, "To Dokta, an zama malamin jami'a, sai koyarwa ke nan." Ka ce masa, "Koyarwa ai dole ce kawai. In na sallami yara da safe, sai in shiga laboratwar, ɗakin bincikena, in yi aikin gaske." Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, na ji, ban tanka ba. Ni da kai ba mu iya gardama da baki ba, kowa so yake tasa ta zama ta ƙarshe. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta ba mai katse ka, ni ma ba mai katse ni.

Fannin da ka zaɓa, na garkuwar jiki da cututtuka masu yaɗuwa, a cikinsa na tsufa. Ka san muƙaman da na riƙe, ka ga takardun da ke rataye a ɗakina. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi aikin, don lokacin da ya fi zafi kana goye, ko kana rarrafe. To ga shi yau, ka ɗauki abin da zai amfane ka.

A bakin gulbi na tashi. Kakanka masunci ne, ya fi daɗewa cikin ruwa da kan tudu. Ina yarinya, kusan duk yaron unguwarmu yana fitsarin jini, har wasu na ɗauka alamar girma ce. Tsargiya ke nan, wadda tsutsarta ke zama cikin katantanwar ruwa, ta shiga ta fata in mutum ya yi wanka ko ya shiga kamun kifi. Abin da ya dame ni tun ina lakwal, ina ƴar makaranta, shi ne wannan: yayyena maza suna fama da ita, amma Baba, wanda ya fi su shiga ruwa nesa ba kusa ba, shi lafiyarsa lau. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce, "Ni da gulbi mun saba." Wannan amsa ita na ɗauka na tafi da ita Yamai, na ƙetare da ita ƙasar waje, na dawo da digirin dokta ina neman ma'anarta. Ta yaya jiki ke sabawa da cuta? Mene ne a cikin jinin babba da babu shi a jinin yaro?

Da aka ɗauke ni aiki, irin maganarka na yi, har na fi ka. An ba ni ɗaliban shekarar farko na likitanci, a amfi, wannan babban zaure mai kujeru hawa-hawa, cike har wasu na zaune a bakin taga. Nakan shiga da takarduna, in sunkuyar da kai in karanta, su rubuta, lokaci ya cika in fita. Ban san fuskar kowa ba. A ganina na sauke nauyi, saura aikin gaske.

Aikin gasken nan shi ya kai ni wani ƙauye kusa da Tunuga, ƙauyen su Inna, inda kawuna Sale yake. Shirina mai sauƙi ne: a ɗebi jinin yara da manya, a ba kowa maganin tsargiya, bayan shekara a dawo a ga wa ya sake kamuwa, a duba bambancin da ke cikin jininsu. Na ɗauka tunda ni ɗiyar gulbi ce, ina jin Hausa ina jin Dendi, ƙofa a buɗe take. Na iso da mota, da farar riga, da kwalabe. Aka shimfiɗa mana tabarmi a ƙofar Maigari, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa ta mutunci. Maigari, dattijo mai sanyin murya, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, mun ji. Tambaya biyu gare ni. Me za ki gani cikin jinin nan? Kuma in kin gani, me zai dawo mana?"

Na buɗe baki, Isufu, sai Faransanci ke zuwa. Na ce antikor, na ce limfosit, na yi ƙoƙarin juya su da Hausa suka ƙi juyuwa. Na yi ta kewaye-kewaye, mutane na gyaɗa kai don kunya, ba don sun gane ba. Washegari na kafa tebur a gindin tsamiya tun da hantsi har rana ta karkata, mutum uku suka zo, su ma dangin Inna ne. Da yamma Kawu Sale ya raka ni mota, ya dafa ƙofa ya ce, "Rakiya, kada ki ji haushinsu. Ba ƙin ki suke ba. Amma ko kifi za ki saya, sai mai shi ya faɗa miki na wane ruwa ne. Ki je ki nemo maganar, ki dawo."

A hanyar Doso na yi ta juya abin a raina. Shekara nawa ina karatun nan, amma na kasa faɗinsa da harshen da aka yi mini raɗar suna. Na gane ban taɓa bayyana shi ga kowa ba. Karantawa nake yi wa ɗalibai, kuma karantawa daban, bayani daban.

Ranar Litinin na shiga amfi na ajiye takarduna a kan tebur ban buɗe ba. Na ce wa ɗalibai, "Yau ku za ku koya mini. Wa zai tashi ya faɗa wa kakarsa yadda jiki ke gane cutar da ta taɓa shigarsa, da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ba kalmar Faransanci ko ɗaya?" Aka fashe da dariya, suna zaton wasa nake. Na tsaya ina jira. Wata ta gwada ta sarƙe, wani ya gwada aka yi masa ihu. Can daga sama, wani dogon yaro siriri ya ɗaga hannu. Halidu sunansa, ɗan makiyaya daga wajen Yelu. Ya ce, "Madam, kamar karen ruga ne. Ran da kura ta fara zuwa, bai san warinta ba, sai ta ɗauki akuya kafin ya farga. In ta dawo, tun tana nesa ya tashi garke duka. Karen da ya daɗe ya fi ɗan kwikwiyo sani, ba don ya fi ƙarfi ba, don kura ta sha zuwar masa."

Na ce, "To allurar rigakafi fa?"

Ya ce, "Fatar kura ce ake kawo masa ya shinshina, kafin mai ita ta zo."

Amfi ya ɗauki tafi. Ni kuwa na ɗauki bik na rubuta, a gabansu, ban ji kunya ba.

Da rani na koma ƙauyen. Wannan karon na kwana biyu ina zaga gidaje ina gaisuwa kafin in ambaci jini. Da aka taru, na ba su labarin kare da kura. Na ce ina so in san abin da karen cikin jikin manya ya koya wanda na yara bai koya ba, ko wata rana a samu abin da za a shinshina wa yara. Na faɗa musu gaskiya cewa mai yiwuwa in nema in rasa. Na ce magani kuwa na kowa ne, da wanda ya ba da jini da wanda ya ƙi. Maigari ya naɗe hannun rigarsa, shi ya fara miƙowa.

Wasu sun ƙi har ƙarshe. Akwai wata mata da ta ce ɗanta ba za a taɓa shi da allura ba, ko sama da ƙasa za su haɗu. Na ba yaron maganinsa, na gaishe ta, kuma duk zuwan da na yi bayan nan sai na shiga gidanta mun sha fura. To ka riƙe wannan. Na ji kana shirin aiki a kan zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙananan yara. Uwar da ta ce a'a, a'arta ta zauna, kada ka aika mata da miji ko liman su tanƙwara ta. Kuma duk abin da ba za ka iya faɗa wa uwar yaro da harshenta ba, kada ka ɗauki jinin ɗanta a kansa. Inda ake koyon wannan faɗin kuwa, shi ne wurin da kake shirin sallamar yara da safe.

Daga ranar ban ƙara karanta wa ɗalibai takarda ba. Na koyi hawa matakalar amfi ina magana, in tsaya kusa da na baya, waɗanda ke zaton ba a ganinsu. Na koyi cewa "ban sani ba, mu nemo, mako mai zuwa a kawo amsa." Ran da na fara faɗin haka na ɗauka girmana zai zube, sai ga shi ya ƙaru. Kai ma za a yi maka tambayar da ba ka da amsarta, tun a watan farko. Kada ka rufe ta da manyan kalmomi. Yaran nan ba wawaye ba ne, sun san ƙarar gwangwanin da ba kome a ciki.

Sai batun jinin. Daga ƙauye muke ɗauko shi cikin akwatin ƙanƙara, ƙanƙarar ma wajen mata masu sayar da ɗanyen kifi muke samu a nan Gaya, mu kama hanya ba tsayawa sai Yamai. A laboratwar muna da babban firigo mai daskarewa guda ɗaya, sabo, ina ji da shi kamar ɗan fari. Wani abokin aikina ya ce in raba kwalaben biyu, in ajiye rabi a nasa sashen. Na ce ba sai an wahala ba, nawa sabo ne. Ana tsakiyar zafin bazara aka yi hutun kwanaki, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, injin da ke tashi in wuta ta tafi shi ma ya ƙi tashi. Da muka dawo na buɗe firigon, iska mai ɗumi ta bugi fuskata. Aikin rani guda, jinin mutanen da suka yarda da ni, duk ya lalace.

Na zauna a kan kujera. Kuma a safiyar nan ina da darasi. Zuciyata ta ce in aika a ce Madam ba ta da lafiya. Amma na wanke fuska na tafi. Na faɗa musu abin da ya faru, na ce tunda abin ya riga ya auku, bari mu ci riba: me ya sa zafi ke lalata antikor, sojojin da jiki ke ƙerawa cikin jini don yaƙar cuta? Me ke faruwa da allurar rigakafi in ta kwana cikin zafi kafin ta isa ƙauye? Ban taɓa ganin sun saurara kamar ranar ba. Da aka tashi, wasu suka biyo ni suka taya ni wanke firigon.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne komawa ƙauye. Akwai wanda ya ba ni shawara in yi shiru, in ce kawai ana buƙatar ƙari. Na ƙi. Na zauna gaban Maigari na ce, "Ranka ya daɗe, amanar da kuka ba ni ta lalace a hannuna. An ce in raba ajiya biyu ban raba ba." Ya ce, "Mu ma mukan kama kifi mu shanya, ruwa ya sauko ya ɓata. Ba a fasa kamun kifi don haka. Amma wanda ya ce ya gaji, kada ki matsa masa." Wasu sun gaji ɗin, ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mafi yawa sun dawo.

Saboda haka, duk abin da ka ɗebo, ka raba shi wuri biyu tun ranar da ya iso, ko da firigonka daga masana'anta aka sauke shi jiya. Ka san mai gyaran inji da sunansa, ka san gidansa, ka je masa barka in an yi masa haihuwa. In kuma abu ya ɓaci, masu jinin su fara ji daga bakinka.

Shekaru suka tafi. Halidu ya gama likitanci, ya zo ya same ni ya ce bincike yake so, na karɓe shi ya yi tez ɗinsa, kundin bincikensa na digiri, a hannuna. A lokacin ina da tabbacin na gano bakin zaren. Akwai wani nau'in antikor da na ga ya fi yawa a jinin manya, na ce shi ne mai tsaron. Na faɗa a taro, na faɗa wa abokan aikinmu na ƙasar waje da ke taimaka mana da kayan awo, suka yi murna, suna jiran in rubuta. Ƙarin girmana a jami'a ma a kan wannan rubutun ya rataya.

Wata Laraba muna zaune a laboratwar da ɗalibai, kowa na faɗin inda aikinsa ya kai, Halidu ya tashi yana murza hannu. Ya ce, "Madam, ki gafarce ni. Na ware manya kaɗai, sa'o'in juna, na duba. Masu antikor ɗin da yawa da masu kaɗan, duk ɗaya suke sake kamuwa. Ina ganin abin yana ƙaruwa da shekaru ne kawai, kamar furfura. Furfura na kan tsofaffi, amma ba ita ke hana su tsargiya ba."

Na ji jini ya hau mini kai. Na ce masa, "Ka sake lissafinka," da wata murya da ni kaina ban so ta ba. Ya ce, "To, Madam," ya zauna.

Na dawo gida ina huci. Babanka na zaune yana gyaran rediyonsa, na zazzage masa duka, har da cewa yaron da na ɗauko daga saman amfi yau shi zai tsinka ni gaban mutane. Ya bar ni na gama, bai ɗago ba ya ce, "Ni ban san antikor ba. Amma yaron nan, ƙarya ya yi ko gaskiya?" Na ce ban duba ba tukuna. Ya ce, "To fushin na mene ne, tun ba ki duba ba?"

Na duba. Na bi aikin da kaina, daga farko har ƙarshe, ta hanyarsa da ta wata hanyar. Halidu ne da gaskiya. Laraba ta gaba, a ɗakin da na yi masa tsawa, gaban mutanen da suka ji tsawar, na ce, "Halidu ya yi daidai, ni na yi kuskure. Ku matso ya nuna muku yadda ya gano." Muka rubuta abin yadda yake, cewa mun nema a nan ba mu samu ba, kada wani ya ɓata shekarunsa a wannan ramin. Abokanmu na waje ba su ji daɗi ba, ɗayansu ya so a jinkirta, a sake murɗa lissafin ko wani abu zai fito. Na ce a'a. Sun kuma so sunan babbansu ya zo farko, na ce sunan wanda ya gano shi zai zo farko, in ba haka ba a bar rubutun. Suka yarda. Ƙarin girman nawa ya yi jinkiri, amma ya zo, kuma da ya zo ba wanda ya isa ya ɗaga mini gira a kansa.

Ka ji da kyau, Isufu. Tunanin da ka fi so shi ne wanda ya fi buƙatar mai ƙaryata shi, kuma kai ba za ka iya ba, don kana son sa. Sai ka yi renon wanda zai iya. Ɗalibin da ke cewa "haka ne, Dokta" a kan kome, ka yi masa addu'a, amma ka matso da wanda ke cewa "ban gamsu ba." In ya kayar da kai, ka yaba masa a wurin da ya kayar da kai, ba a bayan ƙofa ba. Masu taimako daga waje kuwa, akwai mutanen kirki da yawa cikinsu, ka riƙe su da mutunci. Amma ka shiga da kanka a tsaye. Su ke da injuna, kai ke da tambayar, kai ke da amanar mutanen. Duk jinin da zai ƙetare iyaka, ɗalibinka ya bi shi ya koyo aikin, ya dawo da shi a hannunsa.

Na koma ƙauyen na faɗa musu sakamako, kamar yadda na yi alkawari. Na ce ban samo abin shinshinawar ba. Abin da na tabbatar musu shi ne maganin yana aiki, a riƙa ba yara a kai a kai, kuma na nuna musu wuraren da katantanwa ta fi taruwa don a rage wanka a can. Kawu Sale ya ce, "Shekara da shekaru, ɗan wannan kika samo?" Na ce, "Shi ke nan, Kawu." Ya ce, "To, ya fi a dawo mana da ƙarya." Tambayar tana nan a buɗe har gobe. Halidu na kanta da nasa ɗaliban, wasu a wasu ƙasashe na kanta. Ban ji ciwon haka ba ko kaɗan. Gulbin nan ma ba mutum ɗaya ya haƙa shi ba.

Wata guda game da gidanka. Aikin nan ba ya cewa ya ƙoshi. In ka ba shi yini zai nemi dare, in ka ba shi mako zai nemi ranar hutu. Ni na yi sa'ar babanka, wanda ya iya ɗaura maka zane ya goya ka ba ya jin kunyar maƙwabta. Zainabu ta bar danginta ta bi ka garin da ba ta san kowa ba, kuma tana da nata karatun da ta ajiye saboda haihuwa. Ka ci abinci da ita. Ka faɗa mata abin da kake yi a laboratwar da Hausa, in ta gane to ka gane. In lokacin komawarta makaranta ya yi, kai ka ɗauki yaron.

Saura abu ɗaya, wanda ba a faɗa maka dalla-dalla ba don lokacin kana ƙasar waje kana rubuta tez ɗinka, ba mu so hankalinka ya rabu. Ka san Bashiru, ɗan yayarka Mariyama, yana da amosanin jini. Shekarar da na yi ritaya, sun je biki Tanda, zazzaɓi ya kama shi da rana tsaka. Mariyama ta ce zazzaɓin damina ne, a ba shi magani a gida a gani zuwa gobe. Wata maƙwabciya ta matsa, suka kai shi asibitin da ke kusa. Layi ya yi tsawo. Wata matashiyar likita ta fito tana duba masu jira, ta taɓa goshinsa, ta tambaya ko yana da wata cuta. Da ta ji amosanin jini, ta ɗauke shi da hannunta ta wuce da shi ciki, ta sa masa allurar kashe ƙwayoyin cuta nan take, ba ta jira sakamakon awo ba. Daga baya aka ga cutar ta riga ta shiga jini. Da an kai gobe, Allah kaɗai ya san abin da za a tarar.

Da labari ya iso ni na hau mota na tafi. Na same shi ya farfaɗo, yana neman a ba shi ruwa. Na nemi likitar in yi mata godiya. Tana ganina ta miƙe tsaye, ta ce, "Madam!" Ni kuwa ban gane ta ba. Ta ce, "Ba za ki tuna ni ba, muna da yawa. A bakin taga nake zama. Ke kika ce mana yaro mai amosanin jini saifarsa ba ta aiki, ƙofar gidansa ba mai gadi, in ya yi zazzaɓi kada mu sa shi a layi. Kin hau har inda muke kika maimaita sau biyu." Ba ta san jikana ba ne sai a lokacin. Na riƙe hannunta na yi mata godiya.

Rubuce-rubucena suna nan, masu fannin suna karantawa, ina alfahari da su, kuma ina so naka su fi nawa yawa da nauyi. Za su fi, don kai ka fi ni kayan aiki, ka fi ni ƙwaƙwalwa, ban faɗa don ni na haife ka ba. Amma Bashiru yau yana aji shida, yana buga ƙwallo a ƙofar gida, saboda wata magana da na faɗa wata safiya da ni kaina na manta da ita. Ba ka san wa ke zaune gabanka ba, ba ka kuma san ɗan wa zai faɗo hannunsa ba.

Na sa muku busasshen kifi da muruci a cikin buhun shinkafa, ku ba maƙwabta nasu kafin ku taɓa. Babanka na gaishe ku, ya ce ka riƙe salla a kan lokacinta ko da awo na kan wuta.

Allah ya tsare ku a hanya da masauki. Ya kare ka daga cutar da kake bincike a kanta, da allurar da ke hannunka, da girman kai. Ya ba ka ɗalibai masu gardama da abokan aiki masu amana. Ya sa mutanen da za su miƙa maka hannun ƴaƴansu su yi farin ciki da sun miƙa. Na yafe maka duniya da lahira, na sa maka albarka. Ka je ka yi aikinka, ka iya.

Mahaifiyarka,
Rakiya
Gaya